Shekarar da masara ta kore ni daga ɗakina

Edita, ina gaisuwa. Ka ba ni ɗan fili in tona wa kaina asiri, tunda a garinmu an riga an gama yi mini dariya, saura ku.

A lokacin da abin ya faru, in ka taso daga Bebeji har ka dangana da Doguwa, ba za ka sami wanda ya san hatsi kamar ni ba. Ni nake faɗar haka, kuma da ƙarfi nake faɗa. Shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin gona. Nakan ce a ba ni ƙwayar masara ɗaya in tauna, zan faɗi gonar da ta fito, da takin da aka sa mata, har da ko mai gonar yana makara sallar asuba. A majalisarmu ta bakin kasuwar Tudun Wada, in na fara bayani ko mai shayi sai ya ajiye cokali.

Da na yi ritaya, kuɗin sallamata suka fito daidai da kaka. A watan ne kuma aka sa ranar auren 'yata ta fari, wata takwas. Maiɗakina ta same ni da ladabi, ta ce Malam, a cire kuɗin kayan ɗakin yarinyar nan a kai wa kafinta tun yanzu, abin da ya rage in yi yadda na ga dama da shi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata kuɗin da aka mayar gado barci suke yi, nawa kuwa aiki za su tafi. Ta bari bazara ta yi, masara ta yi tsada, zan sayo gadon da sai an fasa ƙofar ango kafin ya shiga. Ta ce Allah ya sa, ta tashi.

Na shiga ƙauyuka, Ba'awa, Ɗansoshiya, har cikin Doguwa, ina saye kamar za a daina noma. Wata masarar na ga ba ta gama bushewa ba, na kuma san abin da hakan ke jawowa, don ni nake hana manoma, amma arhar ta rufe mini ido. Sai da na ƙarar da kuɗin tas. Rowa ta hana ni kama sito, na cika soro, na cika shagon ƙofar gida, sannan na fitar da gadona tsakar gida na cika ɗakina har rufi. Hanyar da ta rage a soron, ni da tumbina sai a karkace muke wucewa, mu yi sallama mu shiga ɗaya bayan ɗaya.

Ashe ba ni kaɗai na yi wayon ba. Tela ya ajiye, malamin makaranta ya ajiye, har mai faci ya ajiye. Bazara ta zo, masara ta ƙi tashi, sai ma gangarowa take. Duk ranar kasuwa in je wajen dillali, ya faɗi kuɗi, in ce ya raina mini hankali, in dawo. Mako na gaba in koma, in tarar abin da na raina ma ya fi ƙarfin kasuwa. Sai ƙwari suka shiga. Da tsakar rana in ka tsaya a soro za ka ji buhuna suna ƙara kamar ana suyar gyaɗa, gari yana zuba ta ɗinki. Beraye suka yi ƙiba har kyanwarmu ta koma gaishe su.

Nan na san na shiga. In na sayar, rabin wahalar shekara talatin da biyar ta tafi, kuma kafin mota ta bar ƙofar gida majalisa ta ji. In na riƙe, ƙwari suna ci ba hutu. Fansho kuwa iyakarsa cefane. Na daina zuwa majalisa, na canza hanyar masallaci. Ruwan farko ya sauka, na rasa inda zan kai gadona. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar. Ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba. Da safe za ta durƙusa ta ce Baba ina kwana, ta ɗan dubi buhunan, ta sunkuyar da kai ta wuce. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Saura wata ɗaya biki, dangin ango suka aiko cewa matan gidanmu su je ganin ɗakin amarya. Na tafi wajen yayana in ji ko za a roƙi a ɗaga ranar. Ya ce in ina da fuskar da zan je in faɗa wa surukai haka, in je ni kaɗai, shi ba ya cikin wannan tafiya. Na dawo na kira dillali. Ya soka ƙarfensa a buhun farko, gari ya biyo shi da ƙwari suna gudu. Sai ya rafka salati. Masu abincin kaji ne suka kwashe. Kafinta kuma ya ce kuɗin katako na kaka ba shi ne na damina ba. Abin da na samu ya tsaya a gado da katifa, ko kujera ɗaya bai kai ba.

Maiɗakina ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kaɗa awakinta duka kasuwa, awakin da ta shekara goma tana kiwo, ta roƙi a ba ta kwasar adashi kafin lokacinta, 'yan uwanta suka kawo gudummawa. Da haka aka yi jere, aka rufa asiri. Ranar da aka kai amarya, baƙi suna ta sa mini albarka wai na yi ƙoƙari, ina amsawa da amin, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

'Yan uwana masu shirin ajiye aiki, ku ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kuɗin sallama sau ɗaya suke zuwa, ba su da ƙani. Duk abin da aka riga aka sa wa rana, aure ne, makarantar yaro ce, ko rufin da ke yoyo, a cire masa nasa tun kuɗin suna da ɗumi. Abin da ya saura shi ake kasuwanci da shi, shi ma ba a zuba shi duka wuri ɗaya. In kuma ta cikin gida ta kawo shawara, a saurara kafin a yi dariya.

Bayan biki na lallaɓa na koma majalisa. Da hira ta yi daɗi, bakina ya kufce, na ce ni fa bana na hango waken suya zai yi kuɗi. Taubashina ya kurɓi shayinsa, ko kallona bai yi ba, ya ce in fara zuwa gida in tambaya ko akwai sauran akuya.