Sallar da Maƙwabcinmu Ya Yi a Gidan Yari

Maƙwabcinmu mahauci ne, duk Babbar Sallah shi ke feɗe ragunan unguwarmu. Wata shekara ya sayi sa a kasuwar Illela, ashe na sata ne. Dillalin da ya sayar masa ya tsallaka Nijar, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Masu sa suka ce mahaucin ne ɓarawo, aka ɗaure shi. Duk mun san bai aikata ba, amma babu wanda aka yi cinikin a gabansa balle ya ba da shaida.

Matarsa ta daina fita. Ko suna ba ta zuwa, don da ta shigo sai mata su yi tsit.

Ranar Sallah na leƙa ta katanga, na ga murhunta babu wuta, yara na zaune da tsofaffin kaya. Na gaya wa maigidana. Sai ya kwance ragonmu ya ja shi gidanta, ya ce can za a yanka. Shi da ƙanensa suka yi fiɗa, suka huhhuje fatar don rashin iyawa.

"Yaya, don mi kunka yi haka?" in ji ta, tana share ido da bakin mayafi.

"Ke dai ɗauko kasko," na ce. "Bana nan muka suya."

Ƙamshi na tashi, mata suka fara sallama, wannan da tuwo, waccan da atamfa.

Bayan Sallah na raka ta birni ta gano mijinta a gidan yari, da ƙullin soyayyen nama. A ƙofa ma'aikaci ya sa ta ɗanɗana naman kafin ya bari mu shiga. Mijin ya rame ƙwarai. Ya ɗauki tsoka ɗaya yana jujjuyawa.

"Wa yay yi wanga yanka?"

"Maigidana," na ce.

Ya yi dariya har hawaye suka zubo. Kaɗan ya ci, ya ƙulle sauran, ya ce akwai waɗanda ba a taɓa zuwa dubawa ba.

Da damina ta zagayo aka kama ainihin ɓarawon da wasu shanu, ya faɗi gaskiya, aka saki maƙwabcinmu. Bai koma fawa ba, albasa yake nomawa a Amarawa. Har yau ba ya yarda a rufe ƙofa in yana cikin ɗaki.