Zanen da ke fuskar kakana

Ɗana ya nemi aure a unguwar Zariya. Baffan yarinyar ya aiko mini da magana: kakanku ya shigo Maraɗi bayan zuwan Nasara da akwati a ka, ba wanda ya san gidansu. Ya ce sai an san asalinmu za su ba da ɗiya.

Ban yi fushi ba, don gaskiya ya faɗa. Abin da kakana ya bar mana hoto ɗaya ne, na tsohon katinsa na shaida. Rubutun ban iya karanta shi, amma zanen Gobirawa na nan a kumatunsa.

Na hau kabu-kabu zuwa Tibiri, garin Gobirawa. Kwana uku ina bin zaure zaure da hoton, ba gidan da ya ce nasa ne. Daga ƙarshe aka kai ni wajen wani tsohon wanzami. Ya kai hoton bakin ƙofa, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan ba hannunmu ba ne. Zanen aro ne. Dubi tsagar nan ta gefen kunne."

Ya ce idan mace ta yi ta haihuwa ƴaƴan na mutuwa, akan yi wa na gaba zanen wasu mutane don mutuwa ta ɓata hanya. Wanzaman garin Jiratawa ne ke ƙara wannan tsaga. Ashe shekara da shekaru muna kiran kanmu Gobirawa a banza.

A Jiratawa wata tsohuwa ta tura ni gidan maƙera. Maigidan ya karɓi hoton, ya duba, ya kira ƙanensa. Goshin ƙanen iri ɗaya ne da na mahaifina. Suka ce an kama ƙanen kakansu aikin dole yana saurayi, bai dawo ba, har aka yi masa sadakar mutuwa. Shi ne kakana, alhali yana Maraɗi, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Abin da ya hana shi komawa, ban sani ba, su ma ba su sani ba.

Ranar Juma'a maigidan ya sa babbar riga, na kai shi unguwar Zariya, na ce wa baffan yarinyar:

"Alhaji, ga asalin da ka tambaya. Mu maƙeran Jiratawa ne. Ga babbanmu."

Baffan ya dube shi, ya dubi hoton, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma.