Fuskar da Ta Manne a Gilashi

Watana bakwai ina koyon hoto a wani shago bayan babbar kasuwar Malanbil, kaina ya fara kumbura. Maigidan da ke koya mana ya nuna mini yadda ake goge ƙuraje da tabo a kwamfuta: ka ɗebo lafiyayyar fata daga gefe, ka liƙa a kan mai aibi. Hannuna ya faɗa da wuri. Amaren Gaya da sun shigo sai su ce, "Ina yarinyar ga mai wanke huska?" Ni kuma in ƙara turo ɗauri gaban goshi. Doka ɗaya maigida yake nanata mana har ta gundure ni: kada a taɓa hoton asali, a kwafe shi tukuna, a yi aiki a kan kwafin. Ta kunnen dama take shiga, ta fice ta hagu.

Ranar da ya tafi ɗaukar hoton wani biki na kwana huɗu a Madekali, ya bar mini shago, wani dattijo ya jingine kekensa a ƙofa. Masunci ne daga Garu, Bakabe, dogo, kumatunsa cike da zanen gado tun daga gefen baki har kusa da kunne. Ya kwance wani tsumma a hankali. Ɗan ƙaramin hoto ne a cikin gilashi, baƙi da fari, na wata mata. Ambaliyar kogi ta shiga ɗakinsa, takardar ta jiƙe ta manne da gilashin, ta bushe duk ta tsattsage.

"Innata ce," ya ce. "Shi ɗai gare mu. Ɗiyana ba su san ta ba, ta rasu tun ban yi arme ba. An ce nan kuna tada hoto."

"Baba, jibi bayan azahar ka dawo, za ka sha mamaki."

"Riƙa shi da kyau, ɗiyata."

Yana fita na kifa hoton a kan na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta. Ya shiga, sai dai gilashin ya sa ya ɗan dushe. Wani mai hankali da nan zai tsaya. Ni na ɗauko reza, na ce bari in raba takardar da gilashin in sake shigar da shi tas. Kusurwa ɗaya ta ɗago lafiya. Na ƙara ja. Ban ji ƙara ba ma, kawai na ga farar takarda a hannuna, fuskar ta zama ɓurɓushi, wani ya zube a kan tebur, wani ya tsaya jikin gilashi. Garin neman gira na rasa ido.

Gabana ya faɗi, amma na lallashi kaina: ai tana cikin kwamfuta. Na tura gilashin can ƙasan durowa, na zauna aiki. Don tsoro na yi aikin da ban taɓa yi ba. Duk layin da na gani a fuskar nan na bi shi na shafe, fari ne ko baƙi, ina yi ina adanawa a kai don kada wuta ta ɗauke. Kafin la'asar matar ta fito sumul, kamar 'yar tsana. Na kashe kwamfuta na tafi gida.

Washegari ina kunnawa na kalle ta, sai kumatun dattijon suka faɗo mini a rai. Bakabiya haihuwar da, da fuska babu zane ko ɗaya? Ashe cikin layukan da na share, wasu tsagewar takarda ce, wasu askar wanzami ce. Na nemi na asali. Babu. A kansa na yi aiki, a kansa na adana, ban kwafa ba.

Na ji tsoro irin wanda ban san akwai shi ba.  Duk ƙararrawar keke da ta yi ƙara a titi sai in leƙa ƙofa. Ba korar maigida nake tsoro ba, ko da yake ita ma tana nan. Mutum ya ba ni uwarsa a tsumma, na kashe ta karo na biyu, kuma ban san layi nawa ne a kuncinta ba, balle inda suka dosa.

Da rana tsaka sai ga shi, ya kawo kifi kasuwa ya leƙo ya ji labari. Na juya fuskar kwamfuta bango. A nan shaiɗan ya raɗa mini dabara.

"Baba, zamna in ɗauke ka kai ma, a aje ku tare."

Ya yi dariya ya gyara hula. Na sa fitila daga gefe yadda maigida ya koya mana, don haske ya kwanta a fata kowane layi ya fito. Na ɗauki dama, na ɗauki hagu. 

Da ya tafi na yanko zanensa, na mayar baƙi da fari, na lanƙwasa shi daidai kuncinta, na rage masa kaifi don ya tsufa tare da hoton. Wallahi ya zauna. Ko maigida ba zai gane ba. Na wanke hoton babba, na sa a sabon katako. 

Washegari ya zo bayan azahar da wankakkiyar riga. Na miƙa masa da hannu biyu, na koma bayan tebur. Ya daɗe yana kallo. Har ya fara murmushi, na fara sakin numfashi. Sai murmushin ya tsaya. Ya sa yatsa a kuncin matar na hagu, kan wani gajeren layi da ya gitta sauran. Ya ɗauke yatsan ya kai nasa kuncin, daidai wurin.

"Wanga ba aska ba ce," ya ce. "Ƙugiya ce ta kama ni cikin jirgi. Sa'an nan Inna ta yi shekara goma cikin ƙasa."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗa masa komai, reza da shafewa da ƙaryar ɗaukar hotonsa, ina kuka majina na zuba. Na runtse ido ina jiran mari. Na so ya mare ni, ya tara mini kasuwa, ya kira jandarma. Bai yi ko ɗaya ba.

"Ina gilashin?"

Na jawo durowa na ba shi. Ya je bakin ƙofa ya ɗaga shi sama wajen haske. Abin da ya rage a jiki bai fi faɗin babban yatsa ba: ido ɗaya, da ɗan gefen kunci mai layi uku. Ya kalla ya kalla, ya ciro tsumman nan daga aljihu ya naɗe.

"Baba, babban fa?" na tambaya.

"Aje abinki, ɗiyata. Ban san matar ga ba." Ya gyara ƙullin. "In nuna ma yara ido guda. Sauran sai in hwaɗa musu da baki."

Bai hau keken ba. Tura shi ya yi da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da tsumman a ƙirji saboda ramukan hanyar Garu.