Cokali Biyu na Yaji a Miyar Yaya

A ƙauyenmu da ke gefen Bunkure, ba don sanyi ake hura wutar yamma ba, don sauro ne. Inda ake noman shinkafa ruwa ba ya yankewa, sauro ma haka. Da an idar da sallar magariba Kaka za ta zuba buntun shinkafa a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe, mu kewaye ta. Kowa ya san wurina: cinyarta ta dama. Ni ce auta, shekarata takwas, kuma ko ƙuda ya sauka a wannan cinya sai mun yi rigima.

Sai Yaya Hadiza ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ta zo da cikin wata bakwai, ta zo da ƙwannafi. Ko loma uku ta ci, sai ta dafe ƙirji ta ce wuta na taso mata har maƙogwaro. Maƙwabta suka ce jaririn mai gashi ne, a ba ta kanwa ta tsotsa. Kaka ta ce atafau, malamar asibiti ta hana, kanwa na kumbura ƙafa.

Daga nan gida ya juye. Muna tsakiyar kakar tumatir da attaruhu, amma Inna, mahaifiyarmu, ta ware wa Yaya ƙaramar tukunyar miya ba yaji, ba tsami, ba mai sosai. Ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar a wuni, mu sau uku. Kindirmon da ake ba ni saura ya zama nata. Tuwon dare aka dawo da shi la'asar sakaliya, don kada ta kwanta da abinci a ciki. Duk na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, tunda ba a so ta miƙe a tabarma, Kaka ta ce ta riƙa jingina da ita lokacin tatsuniya. Ta ɓangaren dama.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na tsani cikin, na tsani gashin da aka ce yana da shi. Wata rana da la'asar na faki ido, na kamfato dakakken yaji cokali biyu na zuba a ƙaramar tukunya, na juya. A lissafina za ta ɗanɗana ta tofar, ta yi fushi ta koma gidan mijinta a Kura.

Ba ta tofar ba. Ta cinye tas, tana share gumi. Kafin magariba ta yi amai sau biyu, ta durƙusa bayan rumbu tana numfashi da ƙyar, har aka fara maganar neman a-daidaita-sahu. Daga baya ya lafa. Kaka ta ɗauki tukunyar ta sansana, ta ajiye.

Da muka zauna ta ce, "Ga wata nan tafe, ku buɗe kunne." Muka ce ta iso.

Wai wata yarinya ce mahaifinta ya dasa wa yayarta bishiya mai inuwa, ita bai dasa mata ba tukuna. Ta ɗauko garwashi za ta ƙone bishiyar, sai ta ji tafiya. Don kada a gani, ta jefa shi a baki ta haɗiye. Ya zauna mata a ƙirji. Ta sha randa, bai mutu ba. Ta sha rijiya. Ta kafa kai a kanal ɗin ban-ruwa ta shanye shi ƙaf, har shinkafar gari ta bushe.

"Kaka, me ya kashe shi?" in ji ni.

"Auta, ta baki ya shiga, ta baki zai fita. Sai ranar da ta faɗa." Ta ƙara buntu a wuta. "Ta ƙare. Mai ita ya ɗauka."

Ban faɗa ba. Aka haifi yaro, Sadiku, kansa fes ba gashi ko ɗaya. Kaka ta rasu ina aji biyu na sakandare, ban faɗa ba.

Bara na dawo gidan nan da nawa cikin, da nawa ƙwannafin. Yaya ce ta bar 'ya'yanta biyar ta zo ta ɗora min ƙaramar tukunya, ta jera min matasai, ta hana ni kanwa. Ina jingine da kafaɗarta wata yamma, ƙirjina na ci, na ce, "Yaya, yajin nan na lokacin cikin Sadiku, ni ce."

Ta yi dariya. "Ai na hango ki ta taga."

"To me ya sa kika ci?"

"Da na bari, Inna za ta ɗanɗana. Kin san dukan Inna."

Shekaru na ɗauka cewa tatsuniyar nan a kan mai garwashi take. Ban taɓa tambayar me yayar ta yi ba. Ashe tana kallo, ta matsa ta bar mata gefen inuwa. Sai na ƙara jingina, ita kuma ta gyara min kafaɗarta ta dama.