Ɗumamen Kerang Da Ya Kwantar Da Ni Ranar Yaye Mu

Assalamu alaikum. Na san na yi shiru tun lokacin bikin yaye mu, kuma ina ganin saƙonnin masu tambayar hotuna. Babu hotuna. A gadon asibiti na yi nawa bikin. Sai yau na ji zan iya rubuta abin, ko da yake har yanzu in na tuna warin sai zuciyata ta tashi.

Umma ta taso daga Kano don abu ɗaya: ta ga na hau dandamali na karɓi shaidar digirina na biyu. Ba ta taɓa shiga jirgi ba sai a kaina.

Tana da hawan jini, ni kuma kun san ni da tsoro. Na ce ba za ta ci abincin waje mai maiƙo ba, ni zan dafa mata. Na je kasuwar unguwarmu ta Wangsa Maju, a nan Kuala Lumpur, na sayo kifi da jatan lande da kerang, wato ƙananan halittun tekun nan masu ɓawo biyu. Na duba idon kifin, na shinshina shi. Na jiƙa kerang a ruwan gishiri har ya fitar da yashi. Kifin na turara shi da citta da tafarnuwa da lemon tsami, sauran na yi romo da su, ba mai, gishiri kaɗan. Duk kerang ɗin da bai buɗe a wuta ba na zubar da shi.

Umma ta ci kifin. Ta leƙa romon ta yamutsa fuska. "Nafi, wannan ai dodon koɗi ne da fara. Ke da kika yi boko sai ki ci."

Na ci, lafiya lau. Na sa ragowar a firji.

Ashe bayan na tashi Umma ta fito da tukunyar ta mayar kan murhu. A gidanmu miya a murhu take kwana: a tafasa ta, a rufe, kada kowa ya taɓa. Amma murhunmu na nan na lantarki ne, ba ta gane maɓallansa ba. Sai ta rufe kawai. Haka romon ya kwana, ya kuma yini, a zafin Kuala Lumpur.

Washegari na dawo daga karɓo rigar biki bayan azahar, na tarar ta samu ta kunna murhun, ta yi mini ɗumame. Ɗumi kawai ya yi, bai tafasa ba.

Wani ƙarni ya bugi hancina, kamar na kwata. Romon yana yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa a ciki.

Na ce, "Umma, daga firji kika ɗauko?"

Ta ce, "Ci abinci ki bar bincike. Da ɗumame na raine ku, wa ya mutu?"

Da hannunta ta zuba mini. Na kasa turewa. Na haɗiye ba tare da na tauna ba.

Kafin magariba amai da gudawa suka taso mini tare. Ba zan ƙawata muku ba, na ɓata zanina, na ɓata ƙasan banɗaki. Aman ma warin kerang yake. Ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Hauwa, abokiyar zamana, ita ta kira mota muka tafi asibiti, ina riƙe da leda a baki.

Aka sa mini ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka miƙo mini 'yar roba wai in kawo bahaya. Sakamako ya nuna guba ce ta abinci, kuma rashin ruwa ya taɓa ƙodata. Fitsari ya kusa tsayawa. Nas ta riƙa auna ɗan abin da na yi a cikin kofi tana ɗaga shi sama, a gaban Umma.

Na tambayi likita ko zan samu zuwa bikin, ko da a keken marasa lafiya ne. Ta ce, "In ƙodarki ta farfaɗo zan ba ki rabin yini. In ba haka ba, ko ƙofar nan ba za ki wuce ba."

Duk safiya sai in miƙa hannu a ɗebi jini ina addu'a. Umma tana kan kujera, ba ta ci, ba ta magana sai, "Ni na ja miki."

Ranar bikin ƙodar ta fara sauƙi, amma ba ta kai inda likita take so ba. Ta girgiza kai.

Hauwa, wadda aka yaye mu tare, ta kira ta bidiyo daga zauren don ta nuna mana kujerata da sunana a jiki. Ni a lokacin ina banɗaki da sandar ƙarin ruwa. Daga can na ji Umma ta rangaɗa guɗa, ita kaɗai, ga kujerar da ba kowa a kai. Nas biyu suka shigo da gudu. Ni kuma na zauna a inda nake na yi kuka.

Alhamdulillahi, ƙodar ta dawo daidai ba tare da an kai ga wankin ƙoda ba. Inshorar ɗalibai ta biya wani ɓangare, 'yan'uwanmu na nan suka haɗa sauran. Allah Ya saka musu, da Hauwa, da likitar da ta ƙi sakina.

Shawarata: kifi da jatan lande da kerang abinci ne mai kyau, amma ba miyar kuka ba ne. Ragowa ta shiga firji da ta huce. In za a ɗumama, ta tafasa sosai. In iyaye sun zo, a nuna musu murhu da firji tun ranar farko. In amai ya hana ruwa zama, a tafi asibiti.

In kuma hancinki ya ce a'a, ki ce a'a, ko da wadda ta haife ki ce ta zuba. Ɓacin ranta na yini ɗaya ya fi abin da na gani a fuskarta a asibiti sauƙi.