Farin Yadi Daga Small Heath

Da asubar fari muka tashi daga Longsight, unguwarmu a Manchester, ni da yarinyar nan tawa. Sunanta kuwa kada ku jira shi daga bakina, 'yar fari ce, zaman Ingila bai cire min wannan kunyar ba. Babanta ya rako mu bakin ƙofa da rigar aiki a jikinsa, wai ana jiransa. Ranar Asabar fa. Ba aiki ba ne, gudu ne. Tun da maganar nan ta taso ya ce duk abin da uwarta ta yanke shi ke nan, ya zame ya bar ni da ita.

Ga maganar. Jami'arsu ta zaɓe ta cikin wani shiri da jami'o'i da dama suka haɗu suka kafa, na horar da matasan da za su riƙe al'amuran can ƙurewar arewacin duniya nan gaba. Za a kai su wani tsibiri da ke saman Norway su yi watanni, suna auna ƙanƙara, suna koyon yadda ake zama da mutanen yankin a yanke shawara. An kira ɗaliban da iyayensu taro a wata jami'a a Birmingham, in an tashi kowa zai ce e ko a'a kafin dare, wanda ya ce a'a a ba wani gurbinsa. Ita kuma ta rantse in ban sa albarka ba ƙafarta ba za ta taka jirgi ba.

Muka hau bas ɗin Stockport Road zuwa cikin gari, daga mu sai masu aikin dare da ke komawa gida suna gyangyaɗi. Daga nan muka shiga coach, babbar motar zuwa Birmingham. Hanyar M6 kun san ta, ruwa tsit-tsit, manyan motoci, tumaki a fili suna kiwo cikin sanyi kamar ba su da mai su. Yarinyar ta toshe kunne da waya ta yi barcinta. Ni kuwa na buɗe taswirar da na aro daga laburare. Sai da na haifi 'ya'yana duka sannan na fara riƙe biro a ajin manya, saboda haka ba na yarda a karanta min abu, ni zan karanta ko da zan wuni a layi ɗaya. Na ɗora yatsa a kan Manchester na yi ta hawa. Na wuce Scotland, na wuce ruwa, na wuce Norway, na sake shiga wani ruwan. Sai da yatsana ya kusa fita daga takardar na ga tsibirin, fari fat. Na rufe taswirar.

A wurin tsayawar hanya na sayi shayi don in samu abin riƙewa. Ruwan zafi ne aka nuna wa ganye daga nesa, kuɗinsa kuwa sai ka ce da saniyar da aka tatsi madarar aka haɗa min. Na sha don kada a yi asara biyu.

Birmingham ta tarbe mu da gine-gine da ramukan aikin hanya. Zauren taron cike yake da Turawa, sai wasu 'yan China, sai mu. Tun a ƙofa yarinyar ta kama gefen mayafina. "Mama, please, kar ki yi tambaya a gaban mutane. In kina da magana ki gaya min, ni zan tambaya." Na ce to. Allah ya yafe min wannan to ɗin.

Wani farfesa mai farin gemu ya kashe fitila ya fara nuna hotuna. Ya ce akwai lokacin da rana ba ta fitowa sam, wata da watanni, dare ne kawai. Wannan bai girgiza ni ba, don maganar salla da azumi a irin wurin mun riga mun kai wa limaminmu ya warware mana. Sai ya nuno wata farar dabba da suke kira polar bear, ta fi bijimi, bakinta jajur da jini. Ya ce ba a fita bayan gari sai da bindiga, kuma kowane ɗalibi sai ya koyi harbi. Na juya na kalli wadda ke kirana daga banɗaki in zo in kashe mata gizo-gizo. Ta ƙi haɗa ido da ni. Ya nuna ramuka a cikin ƙanƙara waɗanda dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu, mutum na tafiya sai a neme shi a rasa. Jama'a, sai na kama jan carbina.

Aka ce a yi tambayoyi. Wata ta tambayi wifi. Wani ya tambayi irin takalmin da za a saya. Takalmi! Ban san lokacin da na miƙe ba. Da Turancina na ajin manya na ce, in yarinyata ta mutu a can, wa zai yi mata wanka, kuma a ina za a binne ta?

Su mutanen nan ba sa son a ambaci mutuwa, kamar in ba a kira ta ba ba za ta zo ba. Yarinyar ta nutse cikin kujera. Farfesan ya yi ja har kunne, amma dai bai yi min ƙarya ba, wannan na ba shi. Ya ce a tsibirin ba a binne mutum, ƙasar a daskare take, ba ta cin gawa. Sai dai a sa a jirgi a fito da ita, in yanayi ya bari jirgin ya tashi. Mace Musulma mai wanka kuwa, ba zai iya yi min alkawarinta ba. Na zauna. Mu da in mutum ya cika da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a ce tawa tana kwance cikin duhu tana jiran iska ta lafa. A zuciyata na gama cewa a'a.

Da aka fita shan shayi kowa ya riƙa kauce min, sai wata mata gajera mai faɗin fuska da ta nufo ni kai tsaye. Malama ce a shirin, 'yar asalin wani ƙauye na can arewa a bakin teku, ba tsibirin ba. Ta ce tun da take zuwa irin taron nan ba wanda ya taɓa tambayar kabari. Ta ce a garinsu suna binnewa, amma yanzu ƙasar da ta daskare tun kakanni tana narkewa, gaɓa tana zaftarewa, teku na cin maƙabartarsu. Da hannunta ta taya tono kakarta aka mai da ta tudu. Waɗanda ba a kai gare su ba ruwa ya tafi da su. Ta ce masu yanke musu shawara daga nesa lissafin jirgin ruwa da man fetur suke yi, ita kuwa tana neman yaran da aka rena a gidan da ake tambayar inda za a kwantar da mamaci.

Na tuna shekarar da ambaliya ta shiga maƙabartar garinmu, maza suka shiga ruwa har ƙugu suna tare abin da ba ya faɗuwa.

Daga nan muka wuce unguwar Small Heath, nan cikin Birmingham, gidan ƙanwar maigidana. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da kabewar da ta ce sai da ta zaga shaguna kafin ta samu mai kama da ta gida. Yarinyar ta kai ƙarata tun kafin mu cire takalmi. Gwaggon tata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Matar Yaya, ke dai ba a fita da ke! Ana maganar karatu ke kina haƙa kabari." Na ce ci tuwonki. Ni loma biyu na yi na tsame hannu.

Bayan azahar na ce a raka ni Coventry Road. Muka wuce mahauta da masu turare da masu zuma, na shiga wani shagon yadi na wani dattijo ɗan Pakistan. Na ce ya yanko min farin yadi, na likkafanin mace. Ya dafa ƙirji ya yi salati, ya ce wa ya rasu? Na ce ba kowa. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya yanka. Tsofaffinmu in za su Makka ta ƙasa da nasu suke tafiya a ƙasan kaya, ba don suna son mutuwa ba.

A bakin shagon na miƙa mata ledar. Na ce wannan a ƙasan akwati, ƙarƙashin rigunan sanyi. Ki samu mace ɗaya a cikin abokan tafiyarki ki nuna mata inda yake, ki gaya mata namiji ba ya taɓa ki.

"Mama, wannan wane irin abu ne? Ba ki da..." Sai ta tsaya. Ta dubi ledar, ta dube ni. "A akwati kika ce?"

Na ce kurma ce ke? Allah ya yi miki albarka, ya kai ki, ya dawo min da ke da ƙafarki. Ta fashe da kuka a tsakiyar titi, mutane na ratsa mu da kekunan jarirai. Na ce share fuskarki ki kira masu shirin ki ce e, kafin in canja.

Mun iso Longsight ana kiran magariba, ita tana ta waya da ƙawayenta. Kada wata ta ce muku tsoron ya tafi, ƙarya ne, yana nan, kuma ranar da za ta hau jirgi sai ya fi haka. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, abin da kike tsoro ki tambaye shi da sunansa, a gaban kowa, ko za a ce ba ki waye ba. Amsar ba za ta yi daɗi ba, amma za ki san abin da za ki sa a akwati. Ku sa min ita a addu'a.