Ciwon da ya ɓuya a hantsar saniyar Inna Hajo

Jiya a Yako na tarar da Inna Hajo, mai kawo mana nono, da rabin ƙwarya.

"Inna, lafiya?"

"Ina fa, ɗana. Saniyata tana ci tana sha, amma nonon ya ja baya. Na zaci baki ne, har rubutu na karɓo mata."

Ashe ciwo ne ɓoye a hantsa, in ji likitan dabbobin da ya duba saniyar daga baya. Mijin Inna kan sayo allura a kasuwa, ya yi wa saniyar ɗaya ya bari. Ƙwayoyin cutar har sun saba, allurar ta daina kama su.

Inna ta sunkuyar da kai: "Mu da muka ɗauka gata muke mata."

Ni ma fa haka nake wa 'ya'yana: in fara ba su magani, in bari tun bai ƙare ba. Ku fa?